Wai na'ura ce ta kashe waƙa? Amsa ga wani ɗana na Mabera

"Salamu alaikum Kawu, an tashi lafiya, ya zafi? Don Allah gardama ce ta ƙi ƙarewa a gidanmu nan Mabera. Ni ina jin waƙoƙin zamani, na Hausa da na Turawa, Babanmu kuma duk sanda ya ji na kunna sai ya ce wanga ba waƙa ba ce, inji ne ke kuka, mawaƙan ƙwarai sun ƙare tun zamanin su Ɗanƙwairo, ko Turawan ma wai tun da Maikal Jakson ya mutu sunka rufe shago. Tunda kai ka daɗe cikin harkar, waɗanne lokutta ne sunka fi shahara a tarihin waƙar pop, kuma da gaske na'ura ce ta lalata ta?"

Wa alaikumus salam ɗana, zafi alhamdu lillahi, lokacinsa ne. Ka gaishe min da Baba, ka ce masa ina bayansa rabi, ɗaya rabin kuma sai dai ya yi haƙuri.

In na fahimce ka tambaya biyu ka dunƙule wuri ɗaya, kana son ranakun da duniyar waƙa ta girgiza, kana kuma son a raba maka gardama kan ko inji ne ya ɓata ta. To a wurina duk guda ce, don in ka bi manyan ranakun nan ɗaya bayan ɗaya za ka ishe kusan kowace akwai wata sabuwar na'ura tsaye a bayanta, da wani dattijo a gefe yana cewa duniya ta zo ƙarshe. Na yi aiki a gidan rediyo wajen haɗa sauti, na riƙe shagon kaset, na kuma yi ta jan lasifika zuwa gidajen biki har bayana ya fara ƙorafi, daga nan nake maka magana.

Garmaho ne ya fara yanke wa waƙa tsawo

Ka taɓa tambayar kanka mi ya sa waƙar Turawa ba ta cika wuce minti uku zuwa huɗu ba, alhali Shata ko Ɗanƙwairo in sun samu wuri sai su kwashe rabin awa a kan mutum ɗaya? Ba wai numfashi ne Turawa ba su da shi ba. Faifan garmaho na da, mai juyawa sau 78 a minti, wajen minti uku kawai gefe ɗaya ke ɗauka. Duk abin da ke ranka, soyayya ce ko kuka, dole ka dunƙule shi a nan, in ba haka ba allura ta kai ƙarshe ta bar ka tsakiyar magana. Anka yi ta yin haka har kunnen mutane ya saba, gidajen rediyo su ma sunka ga ya yi musu daidai don a samu wurin talla, shi kenan ya zama doka ba tare da kowa ya rubuta ta ba. Makirfo kuma, da anka fara ɗaukar murya da lantarki wajen 1925, shi ya ba mai ƙaramar murya damar ya yi waƙa a hankali a ji shi, kafin nan fagen na masu maƙogwaro ne kawai.

Namu mawaƙan fada ba su da wagga matsala, a gaban sarki suke, kuma ba mai duba musu agogo. Amma fa abin da ya kai muryar Narambaɗa da Salihu Jankiɗi kunnen mutumin da bai taɓa taka garin Isa ko Kanwuri, fadar Sarkin Musulmi, ba, faifai ne da rediyo, musamman Rediyon Kaduna, sannan kaset da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Baba da kansa in ka lallaɓa ka tambaye shi, yawancin Ɗanƙwairon da ya sani a rikoda mai batir ya san shi, yana ji yana naɗe zaren kaset da biro in rikodar ta ci.

Ranakun talabijin

Ranar 6 ga Janairun 1957 Elvis Presley ya fito a shirin Ed Sullivan a Amurka, shirin da kusan kowane gida ke kallo ran Lahadi da dare. Saboda iyaye sun daɗe suna ƙorafi kan yadda yake karkaɗa ƙugu, sai anka saita kyamara daga ƙugu zuwa sama kawai. Abin dariyar shi ne 'yan matan da ke cikin zauren suna ganin komai suna ta ihu, na gida kuma suna jin ihu ba su ga dalili ba, sai kowa ya ƙiyasta a ransa abin da ya fi na gaskiya muni. Maimakon a rage masa kasuwa sai anka ƙara masa. Ka ga tace-tace ba a Kano anka fara shi ba, kuma tun can haka yake ƙarewa.

A shirin nan dai, ran 9 ga Fabrairun 1964, wasu samari huɗu daga Libaful ta Ingila da ake kira Beatles sunka fito, mutum wajen miliyan 73 sunka kalla a dare ɗaya. Daga ranar kowane yaro a Amurka ya fara neman jita da barin gashi. Amma ni abin da ya fi ba ni dariya a labarinsu ya faru shekara biyu kafin nan. Ran 1 ga Janairun 1962 sunka je gwaji a kamfanin Decca a Landan, kamfanin ya saurare su tsaf ya ce bai so, ya ɗauki wasu yaran da ke kusa da Landan. Kamfanin EMI ne ya kwashe su a shekarar, ya kwashi dukiyar da har yau ake lissafi. Kada ka ce EMI ɗin waliyyai ne, su ne dai sunka ƙi waƙar Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga wai ta yi kama da ta yara, sai wani ƙaramin kamfani a Onica, Rogers All Stars, ya fitar da ita a 1976, ta zama waƙar da ba ƙasar Afirka da ba ta shiga ba. Masu kuɗin waƙa kunnensu bai fi na mai shayin unguwarku ba, kujerarsu ce kawai ta fi laushi.

Ɗaya daga cikin Beatles ɗin nan, Paul McCartney, bayan sun watse ya ce shi a Legas zai yi sabon faifai, a 1973. A zatonsa rana zai sha a bakin teku ya yi waƙa da yamma. Ya iso cikin damina, mutum biyu daga cikin makaɗansa sun gudu tun kafin a hau jirgi, situdiyon bai da kayan da ya saba da su, wani dare kuma yana tafiya a ƙasa da matarsa ɓarayi sunka tare su da wuƙa sunka ƙwace jakar da kaset ɗin gwajin waƙoƙin ke ciki. Kamar bai isa ba Fela ya fito fili ya ce Bature ya zo satar kiɗan baƙar fata, sai da McCartney ya kira shi ya kunna masa abin da ya ɗauka don ya ji da kunnensa babu kiɗan Afirka a ciki. Faifan da ya fito daga wagga wahala, Band on the Run, yana cikin mafi karɓuwa da ya yi tun rabuwarsu.

Ga kuma wanda zai yi wa Baba daɗi ya kuma ɓata masa rai lokaci ɗaya. A watan Yulin 1965, a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport, Bob Dylan wanda anka sani da jitar katako ya hau dandamali da jitar lantarki, wasu daga cikin masoyansa sunka yi masa ihun ba mu so, wai ya ci amanar waƙar gaskiya ya koma wa inji. Maganar Baba kenan sak, da Turanci, wajen shekara sittin da sunka wuce. Mutumin nan shi anka ba kyautar Nobel ta adabi a 2016.

Daren da Maikal ya yi tafiya da baya

Ran 1 ga Agustan 1981 anka buɗe tashar MTV, wadda a lokacin ba ta da aiki sai nuna bidiyon waƙa dare da rana. Daga nan waƙa ta tashi daga abin ji ta koma abin kallo, mai murya marar fasali ya shiga uku. Da farko tashar ba ta cika sa baƙaƙen fata ba, faifan Thriller na Maikal Jakson da ya fito ƙarshen 1982 yana cikin abin da ya ɓalle wagga ƙofa, don ba yadda za a yi ka ƙi nuna mutumin da duniya duk ke nema.

Babbar ranar ita ce 16 ga Mayun 1983, da anka nuna bikin cikar kamfanin Motown shekara 25 a talabijin. Maikal na cikin waƙar Billie Jean sai ya zame da baya alhali ƙafafunsa na nuna gaba yake tafiya. Abin bai fi 'yan daƙiƙu ba, amma washegari ba a maganar komai sai shi. Ba shi ya ƙirƙiro rawar ba, masu rawar titi sun daɗe suna yi, Jeffrey Daniel na ƙungiyar Shalamar ma ya yi ta a talabijin ɗin Ingila tun 1982, shi ne daga baya ya zo Najeriya ya yi alƙalanci a gasar waƙa ta Nigerian Idol. Amma wanda kyamara ta kama a daren da kowa ke kallo, shi tarihi ke rubuta wa suna.

Mu nan Sakkwato a kaset ɗin bidiyo abin ya iso mu, an kwafa an sake kwafa har fuskar ta dusashe. Na ga samari da idona wajen Rijiyar Ɗorowa, cikin watan Afrilu rana na dukan tsakar ka, mutum ya sa baƙar jaket da farar safa da wando ɗangalalle, ga safar hannu guda ɗaya tal, yana jan silifas da baya a kan rairayi, ƙura ce kawai ke tashi shi kuwa yana nan inda yake. Masu wayo ne sunka gano sai an samu daɓen siminti mai santsi an barbaɗa hoda, hodar kuma ta inna ce anka sato. Tsofaffi in sun zo wucewa sai su girgiza kai su ce Allah shi ba shi lafiya. Ba zan yi mamaki ba in Babanku na cikin masu safar hannun nan, shekarunsa sun yi daidai, amma kada ka ce ni na faɗa.

Shi ma Maikal ɗin ya ɗebo daga wajenmu. Amshin da ke ƙarshen waƙar farko ta faifan Thriller daga Soul Makossa ya fito, waƙar Manu Dibango na Kamaru ta 1972, wadda asalinta bayan faifai ce kawai anka liƙa ta, gaban faifan taken gasar cin kofin Afirka ne da Kamaru ta karɓi baƙunci a shekarar. Dibango ya kai ƙara, anka sasanta a wajen kotu da kuɗi.

A 1985 kuma yunwar Habasha ta haɗa manyan mawaƙan Amurka a ɗaki ɗaya sunka yi We Are the World, Maikal da Lionel Richie sunka rubuta, Quincy Jones ya haɗa, har sai da anka liƙa takarda a ƙofa cewa kowa ya aje girman kansa a waje kafin ya shigo. Ran 13 ga Yuli anka yi wasan Live Aid a Landan da Filadelfiya lokaci ɗaya, Phil Collins ya yi waƙa a Landan ya hau jirgin Concorde ya je ya sake yi a Amurka duk a yini guda. An tara kuɗi sosai, sai dai biki ne da anka yi da sunan Afirka ba a ga mawaƙan Afirka a sahun gaba ba, wannan kam har yau yana min ciwo.

Maganar mamin

Yanzu riƙe kujerarka. A daren nan na Motown da Baba ke ganin shi ne ƙarshen iyawa, Maikal ba da bakinsa yake rera Billie Jean ba, faifai ne ke tafiya shi yana bi da baki don ya samu sukunin rawa. Mamin kenan, irin wanda ake zagin yaran yanzu a kai. Ba wanda ya damu, saboda kowa ya san muryar da ke faifan tasa ce.

Waɗanda abin ya ci su ne Milli Vanilli, samari biyu kyawawa masu dogon kitso, Rob Pilatus da Fab Morvan, da wani mai haɗa kiɗa Bajamushe Frank Farian ya ɗauko. Wasu mutane daban ne sunka yi waƙoƙin a situdiyo, su kuma aikinsu rawa da motsa baki. A watan Yulin 1989 suna kan dandamali a jihar Konetikat, na'urar ta maƙale ta riƙa maimaita rabin layi ɗaya ba ƙaƙƙautawa, Pilatus ya ɗan yi ta maza ya ci gaba da rawa, da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne ya ruga da gudu ya bar dandamalin. Ka san mi? 'Yan kallo ba su wani damu ba, sunka ci gaba da shagalinsu, har a Fabrairun 1990 anka ba yaran kyautar Grammy ta sabbin mawaƙa. Sai da sunka matsa wa Farian cewa su fa faifai na gaba da muryarsu za su yi, shi kuma ya fito a watan Nuwamba ya tona asirin da kansa, anka ƙwace kyautar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ka lura wa ya faɗa ciki: yaran sunka zama abin dariyar duniya, Pilatus ya rasu a 1998 rayuwarsa a wargaje, mai gidan da ya shirya komai kuwa ya ci gaba da harkarsa. Kuma ba ranar ya fara ba, shi ne mai Boney M ɗin da iyayenku sunka yi ta rawa da su, muryar namijin da kake ji a faifansu ta Farian ce, mai gashin nan da ke tsalle a gaba rawa ce tasa.

Mu da munka tashi da finafinan Indiya wagga badaƙala ba ta ma kama mu ba. Kowa ya san jarumar da ke zagaya bishiya ba ita ke waƙa ba, Lata Mangeshkar ce, na namijin kuma Muhammad Rafi ko Kishore Kumar, kuma sunansu na nan rubuce a fim, ana girmama su. Haka Kannywood ta gada, jarumi na mamin, mawaƙi na da sunansa da kuɗinsa. Ashe laifin Milli Vanilli ba motsa baki ba ne, ɓoye mai muryar ne.

Amma ga inda Baba ke da gaskiya. Wani biki da na kai kayan sauti, an ɗauko wani yaro mawaƙi da kuɗi masu kauri, ya miƙo min filash ya ce lamba uku zan sa, makirfonsa kuma in rage shi ƙasa sosai. Ana cikin liƙi janareto ya shaƙe ya mutu. Wuri ya yi tsit, yaro na tsaye da makirfo a hannu. Wata gwaggon amarya ta ce to ɗan nan ci gaba mana, ai kai munka zo ji ba injin ba. Wallahi baiti ɗaya ya kasa ja, sai duba waya yake kamar an kira shi. Matan gidan ne sunka kifa ƙwarya a ruwa sunka ɗauki waƙarsu, kafin a gyara janareto biki ya koma wajensu. Ɗan Anace ko Barmani Coge ba ruwansu da janareto, in wuta ta ɗauke ma sai dai a ƙara jin su da kyau.

Injin da Baba ke cewa yana kuka

Sunansa Auto-Tune, kuma wanda ya ƙera shi ba mawaƙin kasuwa ba ne. Andy Hildebrand injiniya ne da ya yi wa kamfanin mai na Exxon aiki, yana tura sauti cikin ƙasa yana lissafin yadda ya dawo don a gane inda mai yake. Shi da bakinsa ya ba da labari cewa wata mata ce a wurin cin abinci ta yi masa barkwanci ta ce ya ƙera mata abin da zai gyara mata murya, lissafin neman man fetur ɗin nan ya juya ya yi, manhajar ta fito a 1997.

Yadda take aiki ba wuya. Tana sauraron murya ta auna tsayin sautin, in ya kauce daga inda ya kamata sai ta ja shi zuwa sautin da ya fi kusa. Akwai wurin da ake saita saurin jan. In ka sa ta ja a hankali ba mai ganewa, kuma don haka anka yi ta, a gyara a ɓoye. In ka mayar da saurin sifili, murya ta daina gangarowa daga sauti zuwa sauti kamar ta ɗan Adam, sai ta riƙa tsalle, shi ne wanga karkarwa da kake ji. Masu haɗa wa Cher waƙar Believe a 1998 ne sunka murɗa ta har ƙarshe don wasa, sunka ji ta yi daɗi, ita ma tana da shekara 52 ta ce a bar mata haka duk da kamfani ya so a cire. Da anka tambaye su sirrin sai sunka ce wata na'ura ce daban, don kada a kwaikwaya. Bai hana ba. A 2009 Jay-Z ya yi waƙa sukutum yana shelar mutuwar Auto-Tune, ga shi har yau ba a yi jana'iza ba. T-Pain kuwa, wanda anka fi zagi a kanta, a 2014 ya zauna a wani ɗan ofishin rediyo ya yi waƙa da muryarsa tsirara, mutane sunka riƙe baki, ashe gwani ne, ado kawai yake da injin.

A wajenmu fiyano ce ta fara shigowa, irin ta Yamaha, a situdiyoyin Kano daga ƙarshen shekarun 1990, mutum ɗaya da yatsu goma ya maye gurbin masu kalangu da 'yan amshi, fim ɗin Sangaya na cikin waɗanda sunka buɗe wagga kasuwa. Auto-Tune ta biyo baya da kwamfuta ta yi arha. Na zauna da yara a situdiyo, na ga iri biyu. Wanda ya iya, sau ɗaya ko biyu zai shiga ya fito, ka ɗan shafa masa injin kaɗan. Wanda bai iya ba kuwa kwana za ku yi kuna yanka layi-layi kuna liƙawa, a ƙarshe ka murɗa injin har ƙarshe don ya rufe ɓarnar, shi ya sa za ka ji mawaƙa goma murya ɗaya, mace da namiji ma sai ka yi da gaske. Auto-Tune kamar mai bugu ce, zai sa shadda ta yi ƙyalli, amma in tela ya ɓata ɗinki ba bugun da zai gyara. Ba ta sa wa mutum azanci a baki, ba ta koya masa inda zai ja numfashi, ba ta san habaici ba. Kuma Hausa harshe ne mai hawa da sauka, in ka ɗauko karin Indiya ka tilasta wa kalmomi su bi shi sannan inji ya daddatse, sai ka ji Hausa ce amma kunnen dattijo ya ƙi karɓa. Ina jin wannan ne ainihin abin da ke damun Baba, ko da bai faɗe shi haka ba.

Daga masu turi zuwa waya

A 1999 wani ɗalibi ɗan ƙasa da shekara ashirin, Shawn Fanning, ya fito da manhajar Napster, kowa ya riƙa kwasar waƙa kyauta a intanet. Ƙungiyar Metallica ta kai ƙara a 2000, anka rufe shi a 2001, amma an riga an saba da banza. Mu ba mu jira Napster ba, ni kaina shagona rabin cinikinsa kwafar kaset ne, daga baya masu turi sunka zo da kwamfuta da memori sunka kore mu gaba ɗaya. Sakamakon iri ɗaya ne ko'ina, faifai ya daina ciyar da mawaƙi. Na Turai sunka koma yawon wasa gari-gari, namu sunka koma biki da siyasa. In ka ji waƙa cike da sunayen masu kuɗi, ba lalacewar zamani ba ce kaɗai, inda abincin yake kenan, kuma in gaskiya za a faɗa mawaƙan fada ma ba don Allah suke ambaton doki da riga ba.

Sai waya ta zo ta rushe shingen harshe. A Disambar 2012 Gangnam Style ta Psy, ɗan Koriya ta Kudu, ta zama bidiyo na farko da anka kalla sau biliyan ɗaya a YouTube, mutane na rawar doki ba su san mi yake cewa ba, har a 2014 sai da YouTube ta faɗaɗa ma'aunin ƙirgarta don an tsara shi ne ya tsaya a 2,147,483,647. A 2021 Burna Boy ya ɗauko Grammy, a 2023 Calm Down ta Rema da Selena Gomez ta kai ta uku a jadawalin Billboard na Amurka. Namu na gida kuma, in za a rubuta tarihin waƙar Hausa ta zamani dole a sa 2020, lokacin kullen korona, da Jaruma ta Hamisu Breaker ta sa matan aure rawa a gaban mazajensu ana ɗauka ana sakawa, gari ya rabu biyu, masu yabo da masu Allah wadai. Ba rediyo ba ce ta ɗaga ta, ba kamfani ba, waya ce da zaman gida.

To ka ce wa Baba na yarda inji ya buɗe wa marasa murya ƙofa, kuma ya kashe wa makaɗa da 'yan amshi da yawa sana'a, wannan asara ce ta gaske. Inda ban bi shi ba shi ne cewa da can babu tarkace. Akwai su tuli, na sayar da su da hannuna, ba wanda ya adana kaset ɗinsu ne kawai, sai na gwanaye sunka rage, shi kuma yana gwada gwanayen shekara hamsin da duk abin da ya fito makon jiya. Maganar halacci ko haramcin kiɗa kuwa ba fagena ba ne, garin malamai muke, can za ka kai ta. Zaɓin ranakun nan ma na kunnena ne, wani abokin aikina da za ka tambaya Bob Marley a bikin 'yancin Zimbabuwe na 1980 zai sa gaba da kowa, ya yi ta faɗa da ni har la'asar.

Akwai wani abu na kwanan nan da ya shafe ku kai tsaye. John Lennon na Beatles ya ɗauki wata waƙa a kaset a gidansa kafin a kashe shi a 1980, murya da fiyano a cakuɗe ga ƙarar lantarki. Abokansa sun gwada gyara ta a 1995 sunka haƙura. Sai da anka samu manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ke iya zare murya ita kaɗai daga cikin hayaniya, anka fitar da waƙar, Now and Then, a Nuwambar 2023, har ta ci Grammy a 2025. Irin wagga manhaja za ta iya yi wa tsofaffin ɗaukar Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗan Anace aiki, in dai kaset ɗin ya kai labari. Saboda haka in Baba na da kwalin kaset a ƙarƙashin gado, ka fitar da shi daga ɗakin da kwano ke gasawa, kada ka aje kusa da lasifika don maganaɗisun ciki na goge sauti, kuma kada ka jefa shi cikin rikodar da ta shekara ba a goge kanta ba, za ta cinye zaren. Ka nemi mai situdiyo ya juye maka a kwamfuta da cikakken nauyinsa, ba irin wanda WhatsApp ke matsewa ba, ka aje kwafi biyu a wuri daban-daban. Wanda anka ɗauka a gidan biki ko a fada ya fi na kasuwa daraja don wataƙila shi kaɗai ya rage, irinsa sai ka zaunar da Baba ya faɗa maka wane gari ne, bikin wa, wace shekara, ka rubuta a jiki.